Saura mako uku gasar katin Pokémon ta farko da zan shiga: ta ina zan fara shiri?

Baƙon Coventry ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatun digiri na biyu a Coventry da ke Ingila, kuma a watan Satumban 2025 ne abokin zamana a gida, wani ɗan ƙasar Malesiya, ya koya mini wasan katin Pokémon. Kafin nan duk sanina a harkar kati bai wuce Whot ɗin da muke bugawa a zaure a Zariya ba, shi ya sa da farko na ɗauke shi abin yara, sai da na zauna na ga irin lissafin da ke cikinsa sannan na gane cewa gurguwar fahimta na yi masa. Yanzu wani kantin kayan wasa da ke kusa da mu ya sanar da ƙaramar gasar da suke kira League Challenge a wata Asabar cikin Disamba, na kuma biya kuɗin shiga, saboda haka babu batun ja da baya.

Abin da nake da shi a hannu shi ne damin kati 60 na Dragapult ex, irin wanda kamfanin ke sayarwa a haɗe da sunan League Battle Deck, sai dai na sauya kati shida a ciki da wasu da abokin nawa ya ciro mini daga tsohon akwatinsa. Biyu daga cikinsu da rubutun Japananci suke, ɗaya kuma tsohon Boss's Orders ne mai ƙyalli wanda ya ce tun 2020 yake wurinsa. Na buga wasa ya fi ɗari a manhajar Pokémon TCG Live, amma da kati a hannu ban jin na kai sha biyar, dukkansu kuma da mutum ɗaya ne, a kan teburin cin abinci, ba agogo, ba mai kallo. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin a manhaja kwamfuta ce ke cakuɗa kati, ita ke lissafa rauni, kuma ba za ta taɓa barin mutum ya karya doka ba ko da ya so.

Tambayata ta farko ita ce ko in ci gaba da wannan dami, ko in yi amfani da sauran lokacin in haɗa na Gardevoir ex, tun da shi ne ya ci gasar duniya da aka yi a Anaheim a watan Agustan 2025. Bayan haka ina so in san abin da ake zuwa da shi wurin gasa, da abin da ke faruwa idan mutum ya yi kuskure a tsakiyar wasa ba da gangan ba. Akwai kuma batun salla, domin a wannan lokaci na hunturu Azahar da La'asar da Magariba duk suna faɗowa ne cikin sa'o'in da aka ce gasar za ta ɗauka. Ba cin kofi nake hange ba, burina in shiga in fita ban ɓata wa kowa lokaci ba, ban kuma ji kunya ba. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya taimaka mini da shawara.

Bakatsine a Landan ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da shigowa. Shekara ta huɗu ke nan ina zuwa waɗannan gasanni, kuma abin da na lura da shi shi ne sabon shiga bai cika faɗuwa a ranarsa ta farko don daminsa ba shi da ƙarfi ba. Abin da ke kayar da shi takarda ce da hannu da agogo, saboda haka a kansu zan tsaya.

Fara da halaccin katunanka tun yau, kada ka bari sai daren gasa. Ka shimfiɗa duka 60 ɗin a tebur, ka dubi kusurwar hagu ta ƙasa a kowanne, za ka ga wani ƙaramin harafi a cikin akwati. Duk shekara ana fitar da harafi mafi tsufa daga tsarin Standard, wanda shi ake bugawa a waɗannan gasanni. A Afrilun 2024 aka fitar da E, a Afrilun 2025 aka fitar da F, wato a ƙarshen 2025 daga G zuwa sama ne ke shiga. Tsohon Boss's Orders ɗinka yana da mafita, domin an sake buga kati mai wannan suna da wannan aiki a ƙarƙashin harafin da ke aiki, kuma doka ta yarda a yi amfani da tsohon bugu a irin wannan hali. Na Japanancin nan biyu kuwa cire su, ba a karɓar su a gasannin Turai, ga shi kuma bayansu ma ya bambanta da na Ingilishi. Sannan ka ƙirga: 60 cif, ba 59 ba, ba 61 ba, kada suna ɗaya ya wuce kati huɗu in ban da katin ƙarfi na asali, wato Basic Energy, kuma mai tambarin ACE SPEC guda ɗaya tak ake yarda da shi a dami.

Daga nan sai takardar jerin kati. Kana buƙatar lambar ɗan wasa, wadda ake haɗawa da asusunka na shafin kamfanin Pokémon, kuma idan ba ka da ita ka sanar da mai shirya gasar kafin ranar. A takardar za ka rubuta sunanka da lambar da ranar haihuwarka, sannan kowane kati da adadinsa. Su Pokémon ɗin sai an haɗa da taƙaitaccen sunan jerin da suka fito da lambarsu, misali Dragapult ex naka TWM 130 ne, domin akwai katuna masu suna ɗaya amma aikinsu daban. Ka rubuta ta a gida cikin natsuwa, ka gwada ta da damin kati bayan kati, kuma da zarar ka miƙa ta, ko kati ɗaya ba ka da ikon sauyawa har a tashi. Idan alƙalai suka binciki daminka suka ga ya saɓa da takarda, hukuncin yana iya kaiwa ga a ba abokin karawarka wasan kyauta.

Ledojin da ake saka kati a ciki su ma abin dubawa ne. Sayi sababbi masu launi ɗaya a baya, ka saka su saura kamar mako guda, domin sabuwar leda tana da santsi, sai ta ɗan sha hannu take zama. Ka riƙe ragowar a jaka saboda idan ɗaya ta yage. Dalilin wannan tsanani shi ne ledar da ta lanƙwashe a kusurwa ko ta yi tabo tana iya nuna wa mai ita wane kati ne ke sama, alƙali kuwa da abin da ya gani yake aiki, ba da niyyarka ba. Ka zo da ɗan ludo mai garai-garai wanda ake ganin cikinsa don jefa ƙuri'a, da wasu ƙanana na ƙirga rauni, da alamomin guba da ƙuna, da biro.

Yanzu ga babban aikin makonni ukun nan: ka rage manhaja, ka koma tebur. A League Challenge yawanci wasa ɗaya ake yi a kowane zagaye, minti 30, kuma idan aka kira lokaci, mai juyi ya ƙarasa nasa, sannan a yi ƙarin juyin da dokar gasa ta tanada. In ba a sami wanda ya ci ba, canjaras ne. Nasara maki 3 ce, canjaras maki 1, faɗuwa babu komai, wato canjaras ya fi kusa da faɗuwa fiye da nasara. Dragapult kuwa dami ne mai yawan bincike: katin Buddy-Buddy Poffin ya fito da Dreepy biyu (Dreepy ne ke girma ya zama Drakloak, sannan Dragapult), katin Ultra Ball ya nemo Drakloak, kowane Drakloak ya duba kati biyu na sama, sannan bayan Phantom Dive, wato harin Dragapult, ta sauke raunin 200 a kan Pokémon ɗin da ke gaba ka tsaya tunanin yadda za ka raba alamomin rauni shida a bencin abokin karawa, wato layin Pokémon ɗinsa da ke jira a baya. Kowane bincike a cikin dami cakuɗawa ke bin sa, kuma wanda hannunsa bai saba ba, a nan minti 30 ɗinsa ke zurarewa. Ka kunna agogon waya duk lokacin da za ku buga da abokinka, ka kuma koyi haɗa bincike biyu kafin ka cakuɗa sau ɗaya, kana faɗa da baki cewa za ka sake komawa cikin damin. Rarraba kati tsibi-tsibi a tebur ƙirga ce kawai, ba a ɗaukar ta a matsayin cakuɗawa, kuma duk lokacin da ka gama sai ka miƙa wa abokin karawa ya yanka.

Game da kuskure, bari in ba ka labarin nawa. A gasata ta biyu, a wani kanti da ke kudancin Landan, na buga katin Iono ina gaba da katunan lada biyu, wato cikin shidan da kowa ke ajiyewa a gefe yana ɗauka idan ya kayar da Pokémon ɗin abokin karawa, wanda ya riga kwashe nasa ya ci wasa. Abin da katin ya ce shi ne kowa ya cakuɗa katunan hannunsa ya sa su a ƙarƙashin dami, sannan ya ja adadin katunan ladan da suka rage masa. Ni kuwa hannuna ya riga kaina, na tura katunan cikin dami na cakuɗa gaba ɗaya. Yarinyar da muke karawa ta ɗaga hannu, alƙali ya zo ya saurare mu ɗaya bayan ɗaya, ya ga babu yadda za a mayar da dami yadda yake, ya ba ta wasan. Ya yi mini bayani cikin mutunci, bai kuma tuhume ni da maguɗi ba. Hukunci hawa-hawa ne: akwai jan kunne, akwai gargaɗin da ake rubutawa, akwai rage wa abokin karawa katunan lada biyu, akwai asarar wasa, kora kuwa ta masu maguɗi ce da masu rashin ɗa'a. Abin da ke mayar da ƙaramin kuskure babba shi ne ku biyu ku yi ƙoƙarin gyara shi da kanku, ko mutum ya gani ya yi shiru. Da ka ga wani abu ya karkace, ka ajiye katunanka yadda suke, ka ɗaga hannu.

Batun sauya dami kuwa, ra'ayina kada ka sauya. Wasa ɗari da ka yi da Dragapult jari ne, kuma mako uku ba zai ba ka irinsa da Gardevoir ba.

Ɗan Damagaram ya rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Daga Lyon nake rubutu, a nan Faransa. Na yarda da kusan duk abin da Yaya Bakatsine ya faɗa, musamman kada ka taɓa Gardevoir a yanzu, domin ya fi Dragapult cin lokaci nesa ba kusa ba. Kowane katin ƙarfi da za ka ɗauko daga juji, wato tarin katunan da aka riga aka zubar, ka liƙa yana zuwa da alamomin rauni biyu a kan Pokémon ɗinka, ga Munkidori yana kwashe su yana mayarwa ɗaya ɓangaren, lissafi a kan lissafi. A hannun gwani abin sha'awa ne, a hannun sabo kuwa canjaras yake haifarwa.

Inda nake ganin an rage wani abu shi ne, sanin daminka rabin aiki ne, ɗaya rabin shi ne sanin na mutane. Kai da mutum ɗaya kake bugawa a gida, ke nan dami ɗaya ko biyu ka saba gani a gabanka. Ka shiga shafin Limitless, inda ake ajiye sakamakon manyan gasanni da jerin katunan waɗanda suka yi fice, ka ɗauki damuna huɗu ko biyar da suka fi yawa, ka karanta katunansu ɗaya bayan ɗaya har ka san abin da kowanne ke nema ya yi maka. Misali, Dragapult ex ba shi da rauni ga kowane nau'i a rubuce, wato babu nau'in da bugunsa ke ninkuwa a kansa, amma idan ka ga Lillie's Clefairy ex ta sauka a bencin abokin karawa, daga lokacin duk Pokémon ɗinka na nau'in Dragon ya zama mai rauni ga Psychic, wato bugu ɗaya zai iya kwashe makin rai 320 ɗin da kake taƙama da su. Wanda bai san wannan ba sai ya ga katunan lada biyu sun tafi bai san ta inda aka shigo masa ba. Haka Budew, ɗan ƙaramin kati mai makin rai 30 kacal, wanda ba ya buƙatar katin ƙarfi ko ɗaya amma yana hana ka buga katunan Item a juyinka na gaba. Idan hannunka cike yake da Rare Candy da Ultra Ball, ka ga an ɗaure ka ke nan, sai dai Dreepy ya bi ta Drakloak a hankali.

Kada kuma sunan damin da ya ci gasar duniya ya ruɗe ka. A 2024 a Honolulu, Fernando Cifuentes ɗan ƙasar Chile ya ci da dami wanda Pokémon ɗinsa Iron Thorns ex ne guda huɗu kawai, abin da mutane da yawa ba su sa a lissafi ba. Ya dace da abin da ake bugawa a wannan makon ne, kuma mai shi ya san shi ciki da bai. A kantin unguwa ma ba lallai ka haɗu da abin da ake bugawa a babban dandali ba, za ka iya zama da wanda ya zo da damin da ya ƙirƙira da kansa.

Saboda haka ka saba da cewa "ba ni in karanta". Haƙƙinka ne ka ɗauki duk katin da ke fili ka karanta, ka duba jujin abokin karawa, ka tambaye shi kati nawa ne a hannunsa. A nan wurinmu ana cakuɗa na Faransanci da na Ingilishi, wani lokaci har da na Jamusanci ko Italiyanci, kuma idan ba ka jin harshen, alƙali zai kawo maka ainihin abin da katin ya ce. Kada ka dogara da bayanin abokin karawa a kan katin da ba ka sani ba, ko da mutumin kirki ne, domin shi ma yana iya mantawa da rabin jimla.

Uwar Tagwaye ta rubuta:

Ɗana, ni ba na bugawa, amma shekara biyu ke nan ina kai yarana maza biyu irin waɗannan gasanni a Birmingham da kewaye, na kuma zauna a gefe na ga abubuwa da yawa. Zan yi magana a kan ranar kanta.

Tsarin da ake bi ba na sallama ba ne, wato faɗuwa ba ta fitar da kai. Kowa yana buga duka zagayen, kuma bayan kowanne ana haɗa ka da mai maki irin naka. Idan mutane 9 zuwa 16 ne zagaye huɗu ne, idan sun kai har 32 zagaye biyar. Amfanin wannan gare ka shi ne ko ka faɗi biyu na farko, na uku za ka zauna da wanda shi ma ya faɗi biyu, a nan ne wasa ke yin daɗi ga sabon shiga. Na ga mutane suna tattara kayansu su tafi bayan faɗuwa biyu, alhali zagayen da za su fi ƙaruwa da su ne suka bari. Ana raba mutane rukuni uku bisa shekarar haihuwa, Junior da Senior da Masters, kai kana na ƙarshen, amma a ƙaramin kanti idan yara ba su da yawa akan haɗa kowa da kowa. Ka shirya zuciyarka, mai yiwuwa yaro ɗan shekara 11 ya zauna gabanka ya cinye ka cikin minti goma sha biyar. Ka gaishe shi kamar yadda za ka gaida babba, ka yi masa fatan alheri kafin wasa, ka yaba masa bayansa. Iyaye muna lura da wanda ya yi haka da wanda bai yi ba.

Batun salla kuwa, kada ka bari sai lokaci ya yi sannan ka fara neman mafita. A tsakiyar Disamba a yankinmu Azahar tana shiga wajen ƙarfe 12, La'asar kafin ƙarfe 2, Magariba kuma kafin ƙarfe 4 na yamma. Abin da muke yi shi ne mu isa da rabin sa'a kafin a fara, da alwalarmu, in sami mai shirya gasar in gaya masa a fili cewa yaran za su buƙaci minti biyar a tsakanin zagaye da ɗan wuri mai tsabta. Har yau ba a taɓa hana mu ba. Wani kantin ɗakin ajiyar kaya ya buɗe mana, muka shimfiɗa darduma a tsakanin kwalaye. Abin kiyayewa shi ne ka yi sallar da zarar ka gama wasanka ka kai sakamako, kada ka tsaya kallon na wasu, domin ana fitar da sabon jeri jim kaɗan bayan tebur na ƙarshe ya tashi, kuma makara tana da hukuncinta. Idan wasanka ya kai ƙarshen lokaci, gaya wa alƙali kafin ka fita, ya san inda kake. Wannan ma wani dalili ne na koyon saurin hannu da Malam Bakatsine ya yi magana a kai.

Ka ci abinci sosai kafin ka fito, ka riƙe ruwa da dabino ko wani abu marar maiƙo, saboda maiƙo yana ɓata leda, kuma yunwa a zagaye na huɗu tana sa mutum mantuwa. Jakarka kada ta bar jikinka, damin nan kuma ka ƙirga shi bayan kowane wasa. Ɗaya daga cikin tagwayena ya taɓa barin katin Stadium ɗinsa a tsakiyar tebur, abokin karawarsa ya haɗa da nasa ba da sani ba, sai a zagaye na gaba aka ga nasa 59 ne. Ya yi kuka a mota har muka iso gida, kuma tun daga ranar ba ya tashi daga tebur sai ya ƙirga.

Abu na ƙarshe, katunan nan biyu da za ka maye gurbinsu, ka saye su ɗai-ɗai da sunansu, a kantin ko a intanet. Kada ka sayi rufaffun fakiti kana fatan su fito. Ni a gidana na hana wannan, domin biyan kuɗi a kan abin da ba ka san me ke ciki ba yana kama da abin da aka hane mu, ga shi kuma ya fi tsada a ƙarshe.

Baƙon Coventry ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na je kantin jiya na yi magana da mai shirya gasar, ya ce akwai wuri a bayan kanta, kuma ya gaya mini suna da zaman wasa na sada zumunci duk yammacin Laraba, wanda ban ma san da shi ba. Zan je biyun da suka rage kafin gasar, in buga da baƙin fuska. Na cire na Japanancin, na kuma sami wani kati mai harafin F da ya ɓuya a cikin shidan, wanda ba don Yaya Bakatsine ya ce in shimfiɗa su duka ba da da shi zan tafi. Dragapult zan riƙe.

Mun gwada da agogo sau uku a daren jiya, biyu daga ciki lokaci ya ƙare ina da sauran katunan lada uku. Na lura juyina na farko kaɗai yana cin kusan minti biyar, saboda ina tsayawa duba damin gaba ɗaya don in gane abin da ya faɗa cikin katunan lada shida. Shin in daina wannan dubawar ne a gasa? Sannan idan na ci ƙuri'a, in zaɓi farawa ko in bar wa abokin karawa? A manhaja kullum farawa nake zaɓa ba tare da na yi tunani a kai ba.

Bakatsine a Landan ya rubuta:

Kada ka daina dubawar, rage ta za ka yi. Ba a hana mutum ya ɗan daɗe a bincikensa na farko ba, kowa yana yi, amma minti biyar ya yi yawa, kuma alƙali yana iya ja maka kunne a kan jan ƙafa. Kuskuren shi ne neman sanin duka shidan. Ka zaɓi abubuwa huɗu da wasanka ba ya tafiya sai da su, ka ƙirga su kaɗai: Dragapult ex nawa ne a ciki, Drakloak nawa, katunan ƙarfi na Fire da na Psychic nawa-nawa tun da Phantom Dive sai da ɗaya na kowanne, sai kuma katin ACE SPEC ɗinka. Yayin da kake zazzage damin, ka riƙa turo waɗannan gaba da babban yatsa, kallo ɗaya ya ishe ka. Ka gwada shi kai kaɗai a ɗaki: cakuɗa, ja bakwai, ajiye shida a gefe, duba, faɗi abin da ya ɓace, sannan ka buɗe shidan ka ga ko ka dace. Sau goma a dare na mako guda zai sauko da kai ƙasa da minti ɗaya. An kuma yarda ka rubuta abin da ka gano a takarda yayin wasa, muddin farar takarda ce lokacin da kuka zauna.

Game da ƙuri'a, ka tuna ana zaɓa ne kafin kowa ya ga hannunsa. Wanda ya fara ba ya kai hari a juyinsa na farko, ba ya kuma buga katin Supporter irin su Iono, amma shi ke riga kaiwa juyi na biyu, wanda a nan ne ake samun damar ɗaga Dreepy zuwa Drakloak, ko a tsallaka da Rare Candy. Wanda ya bi baya yana da Supporter da hari tun juyin farko, shi ya sa masu Budew da yawa suke son bin baya, su rufe wa abokin karawa Item tun bai shirya ba. Idan ka sa Budew a cikin katunan da za ka saya, gwada bin baya a zaman Larabar nan ka ga yadda hannunka ke buɗewa. Idan babu shi, ci gaba da farawa kamar yadda ka saba. Ko wanne ka tsayar, ka tsayar da shi tun daga gida.

Wani abu da manhaja ke yi maka a ɓoye: idan ka ja bakwai babu Pokémon mai alamar Basic, sai ka nuna wa abokin karawa hannun gaba ɗaya kafin ka mayar ka sake cakuɗawa, shi kuma yana da damar jan ƙarin kati ɗaya a kan kowane karo da hakan ta faru. Kuma kada ka manta da ajiye katunan lada shida kafin a buɗe wasa, na ga wanda ya kai juyi na uku babu su a gefensa. Ka turo mana jerin katunanka 60 a nan kafin Laraba, ni da Ɗan Damagaram mu duba maka lambobin kafin ka kwafe su a takarda.